Yara na cin maki a Islamiyya, amma me suka iya?

Abu_Sumayya_Gusau:
Assalamu alaikum malamai da iyaye na wannan zaure. Akwai abin da ya hana ni sukuni tun da muka gama jarrabawar zango na biyu, ina son mu tattauna shi. Ni ke shugabantar wata Islamiyya a cikin garin Gusau, muna karatu da yamma, sai Asabar da Lahadi da safe. Muna da manhaja a rubuce daga aji ɗaya zuwa shida: Alƙur'ani da tajwidi, hadisi, fiƙihu, tauhidi, sira, Larabci da azkar. A takarda ba abin da ya rage. Amma zango zai ƙare malami bai kai rabin abin da aka tsara masa ba, kuma daga wannan rabin zai ciro tambayoyin jarrabawa. Yara su ci tamanin, su ci casa'in, iyaye su yi ta sa albarka.

Makon jiya na kai 'yan aji biyar bakin famfo, na ce kowa ya yi alwala ina kallo. Yaron da ya rubuto farillan alwala bakwai ba kuskure ko ɗaya, shi ne ya bar dugadugansa a bushe. Na buɗe wa wata yarinya mai haddar izu biyar shafin da ba ta taɓa hardacewa ba, ta tsaya tana lalube. Don Allah ku gaya mini, manhajar ce ta yi wa lokaci yawa, ko malaman ne, ko kuwa yadda muke auna yaran ne bai auna komai?

Malama_Kaura:
Wa alaikumus salam Malam. Ka taɓo inda ke mana ciwo. Ni dai ina ganin lokaci ne kan gaba. Yaro ya taso daga boko ƙarfe biyu, wasu makarantun kuɗi ma sai uku ko huɗu saboda darasin ƙari. Ya zo mana bayan la'asar a gajiye, kafin a gama share aji da kiran suna an ci kwata, kafin magariba an tashi. Lokacin damina kuma hadari na haɗowa iyaye za su fara aiko a sallami yara. Wanda ya zauna ya zuba darussa bakwai cikin wannan ɗan tsakanin bai taɓa tsayawa gaban allo da yamma ba.

DanMaru82:
Malama ta faɗi gaskiya, amma ni zan ƙara da cewa yawancin abin da muke kira manhaja jerin sunayen littattafai ne kawai. Aji uku Ahalari, aji huɗu Ishmawi, aji biyar Iziyya, aji shida a taɓa Risala. Ba inda aka rubuta me ake son yaro ya iya yi idan ya gama. A kwalejin ilimi ta Maru abin da aka fara koya mana ke nan: kafin ka shiga aji ka san me ɗalibi zai iya aikatawa bayan darasin, da shi kuma za ka auna shi. Idan manufar babin alwala ita ce yaro ya yi alwala daidai, to jarrabawarsa buta ce da ruwa. Idan ka ba shi biro, ka auna haddarsa ne kawai.

Baban_Khalifa:
Ni uba ne, ba malami ba. Malam Abu Sumayya, Allah ya saka maka da alheri da ka fito ka faɗi wannan. Mu takardar sakamako kawai muke gani. In na ga an rubuta na uku cikin aji sai in ce alhamdu lillahi. To ashe ba ta gaya mini komai.

Alaramma_Tsafe:
Tau, bari mu sa baki. Mu tsangaya ba mu da wagga matsala ta takarda, don mu kullum jarrabawa muke yi. Yaro ba ya wanke allo sai ya biya shi gaban malam ba tuntuɓe. In bai iya ba ya koma ya zauna da shi, ko kwana nawa ne. Ba ya barin babbaƙu sai sun zauna, ba ya barin farfaru sai sun zauna. Ba mu da wani abu wai shi zango ya ƙare kowa ya wuce aji na gaba. Ku kunka ɗauko tsarin aji da ƙararrawa, kunka haɗa mai sauri da mai nawa kunka ce su tafi tare. Yarinyar da Malam ya ce tana lalube, tun farfaru anka baro ta, ba wanda ya lura.

DanMaru82:
Allah gafarta Malam, wannan batu naka yana da ƙarfi ƙwarai, kuma masana koyarwa na zamani ma sun dawo kansa, cewa kada ɗalibi ya wuce mataki sai ya ƙware. Sai dai a yi adalci, akwai gardin da zai kawo maka izu sittin da ka, amma ka tambaye shi abin da ke wajabta sujada ƙabli da ba'adi ya yi shiru. Kowane tsari akwai inda yake yoyo.

Alaramma_Tsafe:
Ban musa ba. Shi ya sa dauri in yaro ya sauke sai ya tafi zaure ya ɗauki littafi. Matakin biyu ne, ba a gwama su. Yanzu an ce yaro ɗan shekara takwas ya ɗauki duka rana ɗaya.

Dan_Gwandu:
Assalamu alaikum, daga Kebbi nake bibiyar ku. Maganar Alaramma ta tuna mini da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo da ke kwance nan Gwandu. A littafinsa Ida'un Nusukhi ya jero malaman da ya yi karatu wurinsu da abin da ya karanta gaban kowane. Ya fara Alƙur'ani wurin mahaifinsa, yana ɗan shekara goma sha uku ya koma hannun yayansa Shehu Usmanu, ya karanta Ishiriniya, Ajurumiyya, Ahalari, Ishmawi, Risala, tafsiri da sauransu. Wato su ma suna da manhaja, kuma mai tsari ce. Bambancin shi ne shaidarsu malami ne da kansa. Shi zai ce wane ya karanta littafi kaza a gabana, na yarda ya karantar. Sunansa da mutuncinsa ya ɗora a kai. Takardar sakamakonmu ta yau wa ke ɗaukar nauyinta? Malamin aji ya cike, shugaba ya buga hatimi, ba wanda ya zauna da yaron ya saurare shi.

Ummu_Aisha_Mafara:
Ni abin da zan roƙa a duba shi ne ɓangaren 'yan mata. 'Yata ta kai aji shida, ta haddace hadisai arba'in na Nawawi, amma ranar da ta fara ganin jini ba ta san me za ta yi da sallarta ba. Da na bincika sai ta ce malaminsu namiji ne, da aka zo babin haila ya ce su karanta a gida, ya tsallake. Kuma bai kawo shi a jarrabawa ba. A manhaja babin yana nan, a rajista an rubuta an yi. Wannan fa ilimin da ya zama dole a kanta ne, ya fi mata gaggawa a kan sanin shekarar da aka yi yaƙin Tabuka.

Malama_Kaura:
Hajiya, wannan ya zama ruwan dare. Mu abin da muka yi, duk ranar Lahadi muna ware 'yan mata daga aji huɗu zuwa sama, mace ta zauna da su kan tsarki, haila, wanka da ramuwar azumi. Ba ma rubuta musu jarrabawa a kai. Tambaya ce baki da baki, ɗaya bayan ɗaya, a ɗaki. Shehu Usmanu a Nurul Albabi ya yi kakkausan suka ga malaman da ke karantar da almajirai su bar matansu da 'ya'yansu cikin jahilci, kuma Nana Asma'u ta kafa 'yan taru, jajoji suna bin ƙauyuka suna koyar da mata. Ba baƙon abu muka ɗauko ba.

MalaminSakandare_Anka:
Ku kuna maganar Islamiyya inda ku ke da iko da manhajarku. Ku zo ku ga namu na makarantar gwamnati. Manhajar darasin addinin Musulunci daga NERDC, hukumar tarayya mai tsara manhajar makarantu, take zuwa. Da aka sake fasalin manhajar firamare da ƙaramar sakandare, wadda ta fara aiki a 2014, sai aka cusa darasin addini cikin rukuni ɗaya da ilimin zamantakewa, ilimin zama ɗan ƙasa da ilimin tsaro. Musulmi da Kirista duk suka yi ƙorafi, har a 2017 aka ce a raba, kowane addini ya tsaya da ƙafarsa. Duk wannan kai-komo a sama ake yinsa. Mu a aji sau da yawa labari kawai muke ji, littafin manhajar kansa sai ka nema wurin abokin aiki ka yi hoto.

Sannan babbar matsalar: da Turanci ake jarrabawar WAEC da NECO. Ina da ɗalibai da suka yi Iziyya a zaure, in ka tambaye su da Hausa za su yi maka bayanin zakkar dabbobi tiryan-tiryan. A ba su takarda a ce su yi bayani da Turanci, sai su rubuta layi biyu. Wani kuma da bai iya karanta Fatiha daidai ba, amma Turancinsa na da kyau, ya haddace amsoshin shekarun baya ya fita da sakamako mai kyau. To me aka auna, addini ko Turanci?

Yar_Argungu:
Ai shi ya sa wasu ke komawa jarrabawar NBAIS, hukumar jarrabawar Larabci da ilimin addinin Musulunci. Hukumar tana Kaduna, asalinta tun zamanin Sardauna ne, ta daɗe ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello kafin ta zama ta ƙasa. A can darussan Larabci da na addini da Larabci ake rubuta su, ga kuma Turanci da lissafi, kuma ana shiga jami'a da sakamakon.

MalaminSakandare_Anka:
Haka ne Malama, amma wannan sai makarantar da Larabcinta ya zauna. Yaron da ya yi shekara shida yana "haza kitabun, hazihi mistaratun" bai iya haɗa jimla uku ba, in ka ce ya amsa fiƙihu da Larabci ka dawo da shi inda muke. Harshe ya canza, matsalar ba ta canza ba.

Abu_Sumayya_Gusau:
Ina karanta komai, Allah ya saka. Maganar Larabci ma wani ciwon ne a wurinmu. Muna koyar da shi sau ɗaya a mako, kuma littattafan fiƙihun duk da Larabci suke. Malami ya karanta, ya fassara, yara su maimaita fassarar. Na taɓa kawo shawarar mu koyar da fiƙihu da tauhidi da Hausa zalla har aji huɗu, wasu iyaye suka ce za mu rage wa karatun albarka.

Sufeto_Mai_Ritaya:
Salamu alaikum. Na yi shekaru ina zagayen duba makarantu kafin in ajiye aiki, bari in faɗi abin da idona ya gani. Idan muka je makaranta, abin da takardar aikinmu ta ce mu duba shi ne rajistar halarta, littafin tsarin darasi, littafin abin da aka koyar a mako, da tsabtar harabar. Duk abubuwan da ake iya cikewa daren jajibirin zuwanmu ne. Ba a ba mu wani ma'auni na zama da yaro mu ji karatunsa ba. Wasunmu ma ba fannin addini suka karanta ba, an haɗa su da makarantun ne kawai don ƙarancin ma'aikata. Mutumin da bai san ihfa'i da idgami ba, yaya zai gane malamin tajwidi yana aikinsa?

Kuma kuɗin mai na zagaye ba kullum ake samu ba. Makarantun bakin titi su ake yawan leƙawa. Na cikin lungu sai a shekara ba a taka ba, tun ma kafin hanyoyi su lalace da rashin tsaro.

Shawarata ga Malam Abu Sumayya: kada malamin da ya koyar ya zama shi ke fitar da tambaya kuma shi ke makawa. Ku haɗu makarantu huɗu ko biyar na unguwa ɗaya, ku yi musayar malamai ranar jarrabawa. Tambayoyi su fito daga manhaja gaba ɗaya, ba daga inda malami ya tsaya ba. Zangon farko sakamako zai yi muni, iyaye za su yi fushi. Amma a nan ne za ku ga gaskiyar inda kuke.

Baban_Khalifa:
Baba Sufeto, ni dai in za a gaya mini gaskiya ba zan yi fushi ba. Gara in san ɗana bai iya ba tun yana aji uku.

Malama_Kaura:
Baban Khalifa, kai ɗaya ne cikin kaɗan. Mun taɓa hana wata yarinya shiga sahun masu sauka don karatunta bai nuna ba. Mahaifiyarta ta riga ta yi anko, an buga kalanda da hotonta, an gayyaci dangi. Aka taso mana da manyan unguwa. Ƙarshe suka cire ta da ƙannenta uku suka kai wata makaranta, aka yi mata walima a wannan shekarar. Makarantar da ke rayuwa da kuɗin wata, in ta rasa yara huɗu rana ɗaya, albashin malami guda ne ya tafi.

Abu_Mus'ab_Bungudu:
To ga inda maganar take. Ku daina kewaye-kewaye. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan tun 2024 naira dubu saba'in ne. Malamin Islamiyya nawa ne ke karɓar ko rubu'in haka? Ni da safe ina kasuwa, da yamma ina aji, da dare ina neman abin da za a ci gobe. Yaushe zan zauna in rubuta tsarin darasi, yaushe zan saurari yara sittin ɗaya bayan ɗaya? Kuna cewa a kai su bakin famfo, a yi musu tambaya baki da baki. Jarrabawar takarda ba don mun fi son ta muke yi ba, ita ce kaɗai mutum ɗaya zai iya yi wa aji guda cikin awa ɗaya. Duk wanda ya samu aikin da ya fi wannan tafiya yake, sai a ɗauko ɗalibin da ya sauke bara a ba shi aji. Manhaja ko daga sama ta sauko, a hannun wannan yaron za ta ƙare.

DanMaru82:
Malam Abu Mus'ab, ba wanda zai ƙaryata ka. Amma ko a haka akwai dabara. Ba dole ne a saurari yara sittin rana ɗaya ba. Kullum ka ware biyar a ƙarshen darasi, kafin zango ya ƙare kowa ya zo gabanka fiye da sau ɗaya. Ka riƙe ɗan littafi, gaban sunan kowa ka sa ya iya, ya kusa, ko bai iya ba. Wannan ya fi maki casa'in gaya wa uba gaskiya.

Abu_Mus'ab_Bungudu:
Zan gwada, amma ka sani lokacin sauraron nan daga cikin darasin za a cire shi. Manhajar da ba ma gamawa za ta ƙara nisa.

Alaramma_Tsafe:
To a rage ta mana. Wa ya ce dole sai an gama? Yaro ya fita da Ahalari ɗaya wanda ya zauna mai, ya fi ya fita da littafi huɗu da anka bi ta kansu da gudu.

Salafiy_Gusau:
Ni ina ganin matsalar tun daga zaɓen littattafan ne. Me zai sa a ci gaba da ɗora yara kan littattafan da ba su kawo dalili ba? A koya musu Sifatu Salatin Nabiyyi da Umdatul Ahkam, su san hadisin da kowane hukunci ya dogara a kai.

Dan_Gwandu:
Malam, a yi hattara. Littattafan nan na mazhabar Malikiyya su suka raini malaman ƙasar nan ɗaruruwan shekaru, kuma an rubuta su a taƙaice ne don mafari. Yaron aji uku ba dalili yake buƙata ba tukuna, yana buƙatar ya san yadda zai yi sallah.

Mai_Kula_da_Zaure:
Jama'a, don Allah kada mu karkata zuwa saɓanin ƙungiyoyi. Dokar zaure ta hana. A tsaya kan tambayar Malam Abu Sumayya.

Sufeto_Mai_Ritaya:
Ranka ya daɗe mai kula da zaure, a yi mini uzuri in ce wani abu a nan ba don jayayya ba, don yana cikin matsalar. Wannan saɓanin da ka gani yanzu shi ne babban dalilin da ya sa manhaja ɗaya ta gagara a Islamiyyu. Makarantun Izala suna da tsarinsu da jarrabawarsu, na ɗariƙa suna da nasu, masu zaman kansu kowa da abin da mai makaranta ya ga dama. Yaro ya tashi daga Tudun Wada ya koma Samaru, aji huɗun can ba shi ne aji huɗun nan ba. Amma akwai abubuwan da ba wanda ya yi saɓani a kansu: yaro ya iya karanta Alƙur'ani daga mushafi, ya iya tsarki, ya san adadin raka'o'i da abin da ke ɓata sallah, ya san haƙƙin iyaye da maƙwabci. Da za a tsaya kan waɗannan a yi musu awo ɗaya, sauran kowa ya koyar da nasa, da an rage tazara.

Yar_Argungu:
Ko a karatun Alƙur'anin ma akwai abin lura, Baba. Yaron da ya fito daga makarantar allo da ruwayar Warshu ya saba, da rubutunmu na gargajiya, fa mai ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf mai ɗigo ɗaya a sama. Ya shigo Islamiyya a miƙa masa mushafin Hafsu bugun Madina. Malamin da bai san Warshu ba sai ya yi ta kama shi da kuskure a inda ba kuskure ya yi ba, ruwaya ce. Na ga yaron da aka mayar aji ɗaya saboda haka, alhali ya fi malamin yawan hadda.

Alaramma_Tsafe:
Allah ya yi maki albarka ɗiyata. Wanga abu ya daɗe yana ci muna rai.

Dan_Shinkafi_A_Gusau:
Ni ban ga wanda ya ambaci halin da muke ciki ba. Mu da muka baro garuruwanmu, yaranmu manhajar wa suke bi? Bayan ɗaukar ɗaliban Jangebe a Fabrairun 2021 an rufe makarantun kwana, bayan na Kaya a ƙaramar hukumar Maradun a Satumbar wannan shekarar aka rufe makarantun jihar Zamfara gaba ɗaya na wani lokaci. Wannan na gwamnati ke nan da ake ƙirgawa. Islamiyyun ƙauye da suka watse ba wanda ya ƙirga su. Ɗana yana da shekara goma sha uku, rabonsa da aji tun muna gida. Na kai shi wata Islamiyya, suka duba tsawonsa suka sa shi aji biyar. Bai iya haɗa baƙi ba. Kunya ta sa ya daina zuwa.

Abu_Sumayya_Gusau:
Innalillahi. Ɗan'uwa, wannan ya taɓa ni. Mu ma muna da irinsu da yawa, daga Zurmi, daga Maru, daga Dansadau. Ba mu da wani gwaji na shiga, shekaru muke dubawa ko abin da uba ya faɗa. Ka turo mini saƙo ta gefe. Akwai malaminmu da ke zama da manyan yara bayan isha'i kan haruffa, ba tare da ƙanana ba, don kada su ji nauyi.

DanMaru82:
Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a 2023, kuma a shekarar ce aka kafa hukumar ƙasa ta kula da almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta. Ina fata duk wani shiri da za a yi ya haɗa da gwajin sanin matakin yaro kafin a ba shi aji. Makarantun tsangaya na zamani da aka fara buɗewa a Gagi ta Sakkwato a 2012 sun nuna mana gini kaɗai ba ya ɗaukar karatu, sai an san wa zai koyar, me zai koyar, da yadda za a gane an koya.

Ummu_Aisha_Mafara:
Ina da tambaya ga malamai. Duk abin da kuke ta faɗa na karatu ne da aiki. Tarbiyya fa? A takardar 'yata akwai wurin da aka rubuta ɗabi'a, kullum "mumtaz" ake sa mata, ita da duk ƙawayenta. Anya ana dubawa kuwa?

Malama_Kaura:
Gaskiya Hajiya, yawanci cikewa kawai ake yi. Kuma abu ne mai wuya. Yaro awa biyu yake gabanmu, sauran yana gida da titi da waya. Ni ina ganin wannan gurbin iyaye ya kamata su cike rabinsa: yana tashi sallar asuba, yana gaskiya in ya yi laifi, yaya yake da ƙannensa.

Salafiy_Gusau:
A nan ina da tsoro. In aka ce ana ba da maki kan sallah da gaskiya, kada mu koya wa yara yin ibada don a gani. Ikhlasi ba ya shiga rajista.

Dan_Gwandu:
A wannan kam ina tare da kai, Malam. A lura, a yi nasiha, a gaya wa uba abin da aka gani, amma kada a sa lamba. Abin takaicin ma shi ne ana satar amsa a jarrabawar hadisi. Yaro ya ɓoye takarda a aljihu mai ɗauke da "man gashshana fa laisa minna", wato wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu, don ya kwafa. In makaranta ta kai nan, to matsayi na ɗaya da na biyu da muke rabawa ya fi abin da muke koyarwa ƙarfi a zuciyar yaron.

Hafiz_Gummi:
Ku duba musabaƙa mana. Tun 1986 Jami'ar Usmanu Danfodiyo ke shirya ta ƙasa, an yi ta a Gusau a 2022. Alƙalai na zaune, ɗaya na bin hadda, ɗaya tajwidi, ɗaya sauti, ɗan takara bai san inda za a ja masa baƙi ba. Ba satar amsa, ba sanayya a tambaya. Me zai hana a kwaikwayi wannan a aji?

Malama_Kaura:
Tsarin awonta yana da kyau, Malam Hafiz. Illar da na gani ita ce makaranta ta zaɓi yara biyar masu kaifin ƙwaƙwalwa ta zuba musu duk ƙarfinta don su ciyo kofi, sauran ɗari biyu suna bayan aji. In za a ɗauko salon, a ɗauko shi don kowa.

Abu_Mus'ab_Bungudu:
Kuma alƙalan musabaƙa ana ba su masauki da abinci da na mota. Mu koma kan maganata ta ɗazu.

Abu_Sumayya_Gusau:
Malam Abu Mus'ab, ban manta da maganarka ba, kuma ranar Asabar zan kai ta gaban kwamitin iyaye, don ba zan ƙara wa malamai aiki ban nemo musu ƙari ba. Abin da nake tunanin gwadawa zango mai zuwa: alwala, sallah da karatu daga mushafi a yi su a aikace, kamar yadda Malam DanMaru ya kawo, biyar-biyar kullum. Babin haila a ba malama mace. Musayar malamai da Baba Sufeto ya ce kuwa sai na samu makarantun da za su yarda, don na san wasu ba za su so a ga cikinsu ba. Rage manhaja shi ne ban san ta inda zan fara ba. Duk darasin da na ɗora wa hannu sai in ga kamar zan ɗauki alhaki.

Alaramma_Tsafe:
Fara da aji ɗaya da na biyu. Bar musu Alƙur'ani da alwala da sallah da addu'o'in yau da kullum, sauran su jira.

MalaminSakandare_Anka:
Alaramma, in an jinkirta Larabci har aji uku, ba mu ƙara tsawaita matsalar da na faɗa ɗazu ba? Ni da za a bi tawa, sira da hadisi za su jira, Larabci ya shigo tun ranar farko.

Yar_Argungu:
Malam Abu Sumayya, in kun tsara takardar da za ku riƙa cike "ya iya, ya kusa, bai iya ba" ɗin nan, don Allah a sako hotonta nan zaure. Muna da taron malamai ƙarshen wata, ina son in nuna musu. Kuma a sa gurbin da za a rubuta ko da Warshu yaro ya fara ko da Hafsu.